Alhassan Ɗantata: Marayan da gadonsa ya ƙare, asusu ya tashe shi

A shekarar 1929 wani ayarin raƙuma ya durƙusa a ƙofar bankin Turawa da ke Kano, wato Bank of British West Africa, wanda daga baya ya zama First Bank. Kamar yadda tarihin kasuwancin birnin ya adana, raƙuma 20 ne, kuma kayan da ke bayansu tsabar kuɗin azurfa ne na mutum guda. Mai kuɗin ya ba banki ajiya bisa sharaɗin ba zai karɓi kuɗin ruwa ba, saboda addininsa ya hana.

Wannan mutum shi ne Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda a shekarun 1940 ake ɗaukarsa a matsayin attajirin da ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma. Yawancin masu ba da labarinsa daga raƙuman nan suke farawa, a kansu kuma suke tsayawa. Amma shekara 40 kafin wannan rana, mai raƙuman almajiri ne a Bebeji, mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa ta yi nisa, kuma rabonsa na gado ya riga ya salwanta.

Gidan fatake

An haifi Alhassan a shekarar 1877 a garin Bebeji da ke kudu da birnin Kano. Danginsa Agalawa ne, ɗaya daga cikin manyan rukunonin fatake uku da suka riƙe cinikin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja a ƙarni na 19. Sauran biyun su ne Tokarawa da Kambarin Barebari. Kakansa, Baba Talatin, shi ya taso da iyalinsa daga ƙasar Katsina zuwa Madobi. Mahaifinsa Abdullahi kuwa ya koma Bebeji, garin da ke kan hanyar ayari, ya ci gaba da fatauci har ya yi suna.

Fataucin Gwanja aiki ne na masu haƙuri. Ayari kan tashi daga Kano da rani ƙarƙashin jagorancin madugu, da jakuna ɗauke da kanwa da baƙin turkuɗi da kayan fata, ya ratsa ƙasashen Nufe ko Borgu, ya yi ta yada zango har ya isa kasuwar Salaga a arewacin Ghana ta yau. A can ake musayar kayan da goron da ya fito daga dazukan Asante. Zuwa da dawowa kan ci watanni masu yawa, wani lokaci shekara guda. Ga 'yan fashi a hanya, ga kuɗin fito da sarakuna ke karɓa, ga goro da ke buƙatar a riƙa kwance huhu ana tsince wanda ya lalace don kada ya ɓata sauran.

A irin wannan gida Alhassan ya buɗe ido. Sai dai bai daɗe a inuwar mahaifinsa ba, domin Abdullahi ya rasu a wajajen 1885, lokacin yaron yana da kimanin shekara takwas. An raba dukiyar mamacin bisa shari'a, amma 'ya'yan duk ƙanana ne, ba wanda ya isa ya riƙe ragamar kasuwancin. Mahaifiyarsa, wadda aka fi sani da Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce mai abin hannunta. Bayan rasuwar mijinta ta koma Ankara, wato birnin Accra na bakin teku, ta bar yaran a hannun wata tsohuwar baiwar gidan mai suna Tata. Daga sunan wannan mata aka riƙa kiran yaron ɗan Tata, har laƙabin ya danne sunan mahaifinsa.

Darasin Tata

Kafin Alhassan ya mallaki hankalin kansa, abin da ya gada ya ƙare. Dukiyar da Abdullahi ya tara a tsawon shekaru na tafiye-tafiye ba ta yi wa ɗansa ko shekara goma ba. Ya shiga makarantar allo a Bebeji, ya yi irin rayuwar da sauran almajirai ke yi: karatu da asuba da dare, aikin ƙarfi da rana domin samun abin sawa a baki.

A nan ne Tata ta yi masa abin da ya zame masa jari na farko. Ta hore shi da ya riƙa ware wani abu daga duk ɗan abin da ya samu, ta kuma samar masa asusu. A wancan zamani kuɗin talakawa wuri ne, kuma darajarsa tana ta faɗuwa, har sai an tara dubbai kafin a sayi abin kirki. Ajiyar almajiri a irin wannan yanayi ba za ta taka kara ta karya ba. Amfaninta yana cikin sabon da ta gina masa, na raba abin da za a ci da abin da ba a taɓawa. Wannan sabo ne ɗan kasuwa ke buƙata daga baya idan zai bambance riba da uwar kuɗi.

Da ya kai kimanin shekara 15, sai ya bi wani ayarin Gwanja domin ya je ya ga mahaifiyarsa. Ya sayi 'yan kayayyaki a Bebeji da abin da ya tara, ya sayar da wasu a hanya, ya ƙarasa sauran a Ankara. Yaro ne da ke zuwa wurin uwa mai wadata, don haka yana da dalilin sa ran hutu. Amarya ba ta ba shi wannan dama ba. Jim kaɗan da isarsa ta kai shi wurin wani malami, ta ce ya zauna a can ya yi karatu ya yi hidima har lokacin komawarsa. Ya koma Bebeji ba tare da dukiyar uwa ba, amma ya ga teku, ya ga jiragen ruwa na Turawa suna lodi a gaɓa, ya kuma san Hausawan zango da ke ciniki a can. Abin da ya gani a wannan tafiya ya yi masa rana shekaru bayan haka.

Basasa

A shekarar 1893 Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu, aka naɗa ɗansa Tukur, su kuwa 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi ƙarƙashin Yusufu suka ƙi amincewa. Yaƙin da ya biyo baya, wanda ake kira Basasa, ya ɗaiɗaita garuruwa da dama kafin Aliyu Babba ya shiga birni a 1894. Bebeji na cikin garuruwan da wutar ta shafa, kuma Alhassan na cikin waɗanda aka kama a matsayin bayi, kafin daga baya ya samu fansar kansa.

Ke nan kafin ya cika shekara 20 ya ɗanɗani maraici, ya rasa gado, ya kuma rasa 'yancinsa na wani lokaci. A daidai wannan zamani kasuwar Salaga ita ma ta durƙushe sakamakon yaƙin cikin gida na 1892, 'yan kasuwarta suka watse zuwa wasu garuruwa. A watan Fabrairun 1903 kuma sojojin Ingila suka ci Kano. Duniyar fataucin da mahaifinsa ya sani tana rushewa a gaban idonsa, ga sabbin iyakoki, ga sabon kuɗi da ya fara korar wuri daga kasuwa.

Goro ta ruwa

Fatake da yawa sun ci gaba da bin tsohuwar hanya da jakunansu. Alhassan ya lura cewa jirgin ruwa na iya ɗauko goro daga Ankara da Sekondi zuwa Ikko cikin 'yan kwanaki, alhali jaki na buƙatar watanni. Tun a wajajen 1906 ya shiga sahun farko na 'yan kasuwar Arewa da suka karkata ga wannan hanya. Lissafin a bayyane yake. Goro kaya ne mai lalacewa, don haka duk kwanan da aka rage a hanya asara ce aka rage. Sannan kuɗin da a da ke juyawa sau ɗaya a shekara yanzu suna iya juyawa sau da yawa.

Bai tsaya ga goro kaɗai ba. Yana sayen duwatsun ado da tufafin Turai a bakin teku ya kawo Arewa, yana kuma kai kayan Arewa kudu, ta yadda ba ya tafiya ko dawowa hannu wofi. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga jama'a a 1912, sai hanyar tasa ta haɗe daga gonakin goro har kasuwar Kurmi. A wannan tsakani ne ya tare a birnin Kano, ya kafa gidansa a unguwar Sarari.

Zamanin gyaɗa

Turawan mulki sun shimfiɗa layin dogo ne da fatan Arewa za ta cika masaƙun Lancashire da auduga. Manoman Kano suka yi nasu lissafin. Masaƙan gida suna sayen auduga da farashin da ya fi na Turawa, gyaɗa kuwa tana yi a jigawa, tana gyara ƙasa, kuma idan kasuwa ta ƙi ana iya cinta. A Turai kuma masana'antun sabulu da na man shafa wa burodi suna neman mai ruwa a jallo. Gyaɗar da Najeriya ta fitar ta tashi daga kimanin tan 2,500 a 1912 zuwa sama da tan 19,000 a 1913.

Kamfanonin Turawa suna da kuɗi, amma ba su san ƙauyuka ba, ba su jin harshe, kuma manomi bai san su ba. Dole suka nemi tsofaffin fataken goro, irin su Umaru Sharubutu Koƙi da Maikano Agogo, waɗanda ke da yara a kowace kasuwa. A 1918 kamfanin Niger Company ya nemi Alhassan ya zama mai saya masa gyaɗa. Zuwa 1922 ya riga ya wuce sauran attajiran Kano. Da aka haɗe kamfanin da wani a 1929 aka samar da UAC, shi ne ya zama babban mai saya wa sabon kamfanin amfanin gona a Arewa.

Yadda harkar ke tafiya ya nuna inda ƙarfinsa yake. Kamfani kan ba babban ɗan kasuwa kuɗin kafin alƙalami tun kafin kaka. Shi kuma ya rarraba wa yaransa, su bazu cikin ƙauyuka, wani lokaci su ba manomi kuɗi ko gishiri ko yadi tun amfani yana gona. Idan kaka ta yi, a tattaro gyaɗa a kan jakuna da raƙuma, a auna a sikeli, a ɗura a buhu, a kai bakin tasha. Daga Bature har manomi, kuɗi na ratsa hannuwa da yawa, kuma mafi yawan yarjejeniyar da baki ake yin ta. Idan mutum guda ya ci amana, asarar kan babban ɗan kasuwa take faɗawa. Wanda ya iya zaɓen mutane, ya san halin kowa, ya kuma cika alkawari a kan lokaci, shi kamfani ke ƙara wa kuɗi a shekara mai zuwa. Sunan Ɗantata ya zama abin da ake ba da bashi a kansa, kuma wannan suna ya fi tsabar da ke hannunsa yawa.

Jirgin ƙasa bai iya kwashe gyaɗar da ake tarawa a kan kari, ga tazarar fiye da kilomita 1,000 zuwa Ikko. Don haka aka riƙa jera buhunan a fili, ana ɗora wani kan wani har su yi tsini. Wannan ita ce dalar gyaɗa, wadda guda ɗaya kan ɗauki buhu kusan 15,000, kuma Ɗantata ake danganta wa fara wannan dabara. Dalar ta zama alamar arzikin Arewa har aka buga hotonta a kan sarki na gidan waya.

Harkar tana da nata ɓangaren mai ɗaci. Farashi a Landan da Liverpool ake yanke shi, manomin da ya ci bashi kafin kaka kuwa ba shi da bakin ciniki idan amfani ya zo. Lokacin da tattalin arzikin duniya ya karye daga 1929, farashin gyaɗa ya faɗi warwas, haraji kuma bai ragu daidai da faɗuwar ba. 'Yan kasuwa na tsakiya da dama sun karye a waɗannan shekaru. Su kansu manyan dillalai irin Ɗantata a ƙarƙashin kamfanonin waje suke, la'ada suke ci, kaso mafi tsoka yana tafiya ƙetare. Sai a farkon shekarun 1950 ya samu lasisin sayar wa hukumar cinikin amfanin gona kai tsaye ba tare da bi ta hannun wani kamfani ba.

Abin da ya tsare shi a shekarun karayar shi ne bai jingina da kaya ɗaya ba, kuma bai cinye ribar shekarun daɗi ba. Yana cinikin goro da shanu da hatsi da tufafi, ya sayi filaye ya gina gidaje a Kano, daga baya ya shiga sufurin motoci. Idan wannan kasuwa ta kwanta, waccan tana riƙe da gida.

Dukiya da hali

An san Ɗantata da tsimi da gudun almubazzaranci, da kuma bin diddigin lissafi da kansa. Karatunsa na allo ne, amma ya ɗauki akawu da masu kula da kuɗi, cikinsu har da Garba Maisikeli wanda ya zama babban mai riƙe masa lissafi. Ƙin karɓar kuɗin ruwa a kan ajiya mai yawa irin tasa asara ce ta zahiri a idon ma'aikacin banki. Shi kuwa ya ɗauki banki a matsayin wurin tsaron kuɗi da sauƙaƙa biya, riba kuma a kasuwa yake nemanta.

Ya sauke farali a farkon shekarun 1920 ta jirgin ruwa, a zamanin da mafi yawan alhazan ƙasar Hausa ke shafe shekaru a ƙafa ta hanyar Sudan, kuma a wannan tafiya ya biya ta Ingila. Ya biya wa mutane da dama kuɗin aikin Hajji, yana taimaka wa malamai da masallatai, yana kuma yanka shanu a raba wa mabuƙata da babbar salla. Amma kyautar da ta fi barin tasiri ita ce jarin da ya riƙa ba yaransa. Mutum kan fara da yi masa aike, a gwada shi da ɗan kuɗi, idan ya dawo da su cif a ƙara masa, har ya kai ga tsayawa da ƙafafunsa.

A ƙarshen rayuwarsa ya fahimci cewa sayar da ɗanyen kaya kaɗai ba zai ɗore ba. A wajajen 1950 ya haɗa kai da wasu attajiran birnin suka kafa kamfanin Kano Citizens' Trading Company da nufin gina masaƙa ta 'yan ƙasa. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero kuma an sa shi cikin masu ba majalisar sarki shawara, abin da ba a saba yi wa ɗan kasuwa da ba jinin sarauta ba.

Wasiyya

Da ciwo ya kwantar da shi a 1955, ya tara 'ya'yansa da babban mai riƙe masa lissafi. Ya gargaɗe su da kada su bari kamfanin Alhassan Dantata and Sons ya wargaje, su zauna lafiya da juna, su riƙe zumunci, su kuma kula da talakawan dangi. Mutumin da ya ga yadda dukiyar mahaifinsa ta narke bayan an raba ta tsakanin ƙananan yara ya san abin da yake gudu. Ya rasu ranar 17 ga Agustan 1955 yana da kimanin shekara 78, aka binne shi a gidansa da ke Sarari.

Gyaɗar da ta ɗaukaka shi ba ta daɗe a bayansa ba. Fari na farkon shekarun 1970, da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975, da kuma karkatar gwamnati ga man fetur, sun share dalar daga filayen Kano. Gidan Ɗantata kuwa bai faɗi tare da ita ba, domin 'ya'yan sun riga sun bazu zuwa gine-gine da sufuri da masana'antu. Ahmadu ya jagoranci kamfanin har rasuwarsa a 1960. Sanusi, wanda ya rasu a 1997, ya zama hamshaƙin ɗan kasuwa mai zaman kansa, kuma 'yarsa Mariya ita ce mahaifiyar Aliko Ɗangote, wanda ya fara kasuwanci a 1977 da rancen da ya samu daga dangin mahaifiyarsa. Aminu, wanda aka haifa a 1931, ya rasu a Abu Dhabi a watan Yunin 2025, aka binne shi a maƙabartar Baƙi'a da ke Madina.

Matashin da ke neman na kansa a yau, a Kantin Kwari yake ko a Maraɗi, a Kumasi ko a Riyad, yana rayuwa ne a duniyar da ta bambanta da ta Ɗantata. Kuɗi na shiga waya cikin daƙiƙa, suna fita cikin daƙiƙa, hauhawar farashi na cin ajiya kamar yadda ta ci wuri, kuma kullum akwai mai tallan hanyar ninka kuɗi cikin mako guda. Haka nan ba kowane mai tsimi da gaskiya ne zai zama attajiri ba, domin Ɗantata ya dace da zamanin jirgin ƙasa da kasuwar gyaɗa, ya kuma fito daga dangin da suka san hanya. Sai dai dubban mutane sun ga wannan jirgi, 'yan kaɗan ne suka iso tasha da jari a hannu da kuma sunan da za a yarda da shi. Tsakanin asusun Bebeji da raƙuman banki akwai kusan shekara 40 na tarawa da juyawa da cika alkawari.

Ita kuwa Tata, ba ta bar gida ko gona da ake nunawa ba. Amma har yau sunanta ne a rubuce a jikin allunan kamfanoni da tituna da gine-gine a Kano da Abuja, kuma da shi ake kiran jikoki da tattaɓa-kunnen yaron da ta koya wa jefa wuri a asusu.